Onarabul Mai Turke

A ƙauyenmu na Beaumarais, can a ƙuryar mashigin Fundy, in ka ce Gaudet kake nema to ba ka ce komai ba, don rabin garin Gaudet ne, sauran rabin kuma Gaudet suka aura. Sai ka jero ubanni, ka ce Ovila na Philias na Calixte, sannan a nuna maka gida. Yanzu ma an hutar da baƙo. Ka ce Mai Turke kawai, kowa zai miƙa hannu ya nuna maka farin gidan da ke kan tudu.

Gonakinmu duk daga hannun teku aka ƙwace su. Kakanninmu ne suka tayar da ganuwar ƙasa da shebur, suka bar teku a waje yana huci. A ƙarƙashin ganuwar akwai magudanar katako mai ƙyaure a rataye, abin da muke kira abwato. In teku ya janye, ruwan gona ya tura ƙyauren ya fice. In teku ya dawo, shi da kansa zai maka ƙyauren ya rufe wa kansa hanya. Gwam! Da wannan ƙara aka yaye mu. Kowane gida da rabonsa na ganuwa, kuma ranar da aka kaɗa ƙararrawar coci ba Lahadi ba, ba mutuwa ba, kowa ya san shebur zai ɗauka ya fito.

Rabon su Ovila shi ne Hanci, inda ƙasa ta fi kutsawa cikin ruwa. Bayan ganuwar nan gonarsu take, wadda ciyawarta ke ciyar da shanu talatin duk tsawon hunturu. A gefen abwaton akwai wani tsohon turke, kuma al'adar gidan ce duk kaka, bayan cikar teku mafi girma, maigida ya sa wuƙa ya yi tsaga a inda ruwa ya kai. Tsagogin Calixte a gwiwa suke. Na Philias sun haura har sun wuce ƙugu. Na Ovila kuwa a ƙirji suka fara, da tazarar yatsu huɗu cur tsakanin ta ƙarshen ubansa da tasa ta farko.

Har ya shekara arba'in da huɗu Ovila bai taɓa haɗa magana goma a jere ba, sai dai da shanu. Matarsa Edmée takan ce ko neman aurenta ma ita ta ƙarasa masa maganar, don ta ga zai kai su hunturu. To, wata kaka ruwan gishiri ya leƙo ta kan ganuwa ya ƙona masa rabin ciyawa. Ya je taron hukumar yanki sau uku, duk zuwa a ba shi takarda ya cike. A na huɗu ya ɗaura sarƙa a tarakta ya tumɓuke turken, ya saɓa shi a kafaɗa ya shiga zauren taro da shi, jar laka na ɗiga kan dardumar mutane. Ya dasa shi gaban manya.

"Ga kakana," ya ce, ya nuna gwiwa. "Ga babana. Ga ni. Wanda zai zo bayana sai ya koyi iyo."

Wani ya ɗauka a waya, kafin mako ya zagayo duk lardin ya gani. Sai ga baƙi biyu daga jam'iyyar masu kare muhalli, mai koren tuta, sun zo roƙonsa ya tsaya takara. Edmée ta dafa musu friko, romon kaza da dankali wanda ba a yi wa baƙo ƙasa da shi. Suka ce cikin ladabi ba sa cin nama. Ta koma kicin da kwanukan, ta tsame kazar da cokali, ta dawo da su. Suka shanye tas har suna tambayar sirrin.

Tsoho Philias, ubansa, yana kujerarsa ta kusa da murhu yana jin komai. Shekararsa saba'in da wani abu a lokacin, kuma bai taɓa zaɓar wata jam'iyya ba sai mai jar tuta.

"A gidan nan ja muke zaɓa tun ba a haife ka ba," ya ce bayan baƙin sun tafi. "Kore launin abincin saniya ne."

"Papa, ai ganuwa za su gyara."

"Waɗannan? Ka ga hannun namijin? Ko kaza bai taɓa figa ba."

Ovila ya tsaya takara duk da haka. Aka buga huluna masu rubutu a goshi: Ko Taku Ɗaya Ba Za Mu Bar Wa Teku Ba. Abokin karawarsa na jar jam'iyya maƙwabcinsa ne, Léandre Bourque, wanda suke 'yar tsama tun suna makaranta, mutum mai baki kamar rediyo. Ranar sha biyar ga Agusta, ranar da muke fita da tukwane da ludaya muna kaɗawa don duniya ta ji har yanzu muna nan, Léandre ya yi jawabin minti arba'in ba wanda ya ji ko kalma. Ovila kuwa turken ya ɗora a kan keken ciyawa ya bi layi da shi. Ya ci zaɓe da ƙyar. Philias ya ce shi dai ja ya zaɓa, amma ya manta tabarau a gida, don haka kada a riƙe shi a kan inda alƙalami ya faɗa.

A majalisar lardi masu gadi suka hana turken shiga, sai ya mayar da shi raminsa. Amma bakin da ya buɗe bai sake rufuwa ba. Ana zancen asibiti, Ovila zai miƙe ya kawo ganuwa. Ana zancen makarantu, ganuwa. Ya yi faɗa a kan feshin da ake yi wa daji, ya yi a kan koguna, ya koyi manyan kalmomi har Edmée ta hana shi shigo da su kicin. Jawabin da ya fi so shi ne na tazarar nan ta yatsu huɗu, wanda ya laƙaba wa suna shekarar da teku ya yi tsalle. Ya yi shi a majalisa, ya yi a rediyo, ya yi a bikin auren 'yar ƙaninsa. Mu dai mun haddace shi, amma muna alfahari da shi, wannan ba a ɓoye ba.

Sai a zangonsa na biyu ya samu aka turo masaniyar aikin ruwa. Madam Thériault sunanta, mace mai furfura da takalmin roba, wadda ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta yi bazara guda tana tattaki a kan ganuwa, sauro na cin ta tana ko in kula. Ranar da ta gama ta shimfiɗa taswira a teburin Edmée.

Ga abin da ta ce. Ganuwar ba za ta ƙara tsawo ba, duk ƙasar da aka ɗora mata nutsewa take yi a laka. In ana son coci da makaranta da gidaje ɗari biyu su tsira, sai a ja da baya a wuri ɗaya, a gina sabuwar ganuwa gajera daga ciki, a bar wa teku filin gaba. Ciyawar gishiri za ta tsiro a can ta riƙa karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gari. Ta ɗora yatsa a kan Hanci.

Ovila ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya yi tambayar da har yau in ya tuna sai kunnuwansa su yi ja.

"Gonar Léandre fa? Ita ma ai a bakin ruwa take."

"Za a iya," in ji ta. "Rabin amfanin za a samu, kuma makaranta za ta sha ruwa. Kai ne wakili, kai za ka kai maganar." Ta naɗe taswira, ta ƙara da cewa, "Wani abu kuma. Na auna turkenku. Tsagogin shekara ashirin na ƙarshen babanka ba su dace da ma'aunin tashar jiragen ruwa ba. Sun yi ƙasa. Teku ba ya tsalle, Onarabul, a hankali yake hawa."

"Babana ba ya ƙarya."

"Ban ce ba."

Philias yana kujerarsa. Bai ɗago ba, sai tura itace yake a murhu alhali ana tsakiyar zafin Agusta.

Kwana uku Ovila bai iya cin abinci ba. Ba gonar kaɗai ba ce, ko da yake ita ma ta isa. Bayan an kori mutanenmu daga ƙasar nan a zamanin da, waɗanda suka dawo da ƙafa su suka sake tayar da ganuwar Hanci, kuma tun daga su ba Gaudet ɗin da ya ba teku ko tafin hannu. Ga tsoho ya haura tamanin, kullum da safe sai ya dogara sanda ya je ya saurari ƙyaure. Ovila yana tsoron abin zai kashe shi, ko kuma ya rayu bai yafe ba, kuma bai san wanne ya fi ba.

Edmée ce ta gaji da ganinsa yana juya cokali. "Kai, ka ci ko ka ba kare. Ka san abin da za ka yi tun ranar da matar nan ta ɗora yatsa. Jira kake wani ya ce maka sannu."

Ovila ya kira taro a zauren coci don ya sanar za a bar wa teku Hanci. Mutanenmu ba su da dama wajen tsiya: kowa ya je ya tono tsohuwar hularsa ta kamfe ya sa. Ovila ya hau dandamali ya tarar da goshi ɗari biyu suna gaya masa ko taku ɗaya ba za su bar wa teku ba. Léandre, wanda bai taɓa sa hular ba a da, ya aro biyu.

"Onarabul, a gafarce ni, ni ban yi karatun majalisa ba," ya ce. "Taku nawa ne a gonar Hanci? Don mu san nawa za a goge a jikin hular."

Aka kwashe da dariya. Ovila ya tsaya har ta lafa.

"Taku dubu ɗaya da ɗari biyu ne tsawonta, na auna da ƙafata jiya. Tawa ce. Ba ta kowa za a taɓa ba."

"Wato mun aike ka ka kori teku, ka dawo mana da shi a mota."

"Haka ne," in ji Ovila. "Hular ƙarya ce. Ni na buga ta, ban san ƙarya ba ce a lokacin."

Zauren ya yi tsit, don ba mu saba jin ɗan siyasa ya faɗi haka ba, ba mu ma san me ake yi bayan an ji ba. Aka watse ana gunaguni. Ovila ya kai maganar majalisa, aka amince.

Daga ranar Philias ya daina yi masa magana. Teburi ɗaya suke ci, amma komai sai ta bakin Edmée.

"Edmée, gaya wa Onarabul ya miƙo gishiri. Ko shi ma ya ba teku?"

"Edmée, gaya wa Onarabul jar saniya na ɗingishi, in harkokin ƙasa sun bar shi."

Shekara guda ana haka, har aka gama sabuwar ganuwa ta ciki. Edmée ta ce da ta san aikin tafinta za ta yi a gidan aure, da ta nemi na majalisa, can ko ba komai ana hutun ƙarshen mako. Ovila yakan yi dariya, amma abin na cin sa. Ya rame har kwat ɗinsa ta majalisa ta koma kamar ta aro.

Aka sa ranar fasa tsohuwar ganuwa, wata Talata a watan Satumba, da janyewar ruwa. Motar haƙa ta iso tun jajibiri. Da safe Ovila yana tatsa sai ya ji ƙararrawar coci, ba Lahadi ba, ba kuma bugun mutuwa ba. Ya bar bokiti ya fita a guje. Gari duka ya nufi Hanci da shebur a kafaɗa, har da waɗanda sheburinsu ya shekara ashirin yana tsatsa. Daga baya muka ji Philias ne ya je ya sa limamin coci a gaba, ya ce ko ya kaɗa ƙararrawar ko shi ya hau hasumiya da sandarsa ya kaɗa.

Ovila ya tarar da tsohon tsaye ƙiƙam gaban motar haƙa, riƙe da tsohon sheburin Calixte. Ya ce a ransa shi ke nan, yau zai sa a ɗauke ubansa daga hanya a gaban duk gari.

"Edmée," in ji Philias da ƙarfi, "gaya wa Onarabul abin da hannu ya gina, inji ba zai rushe shi ba. In za a buɗe, mu za mu buɗe. Kuma mai rabo shi ke fara sara, haka aka saba." Sai ya juya, ya dubi ɗansa ido da ido, karo na farko a shekara. "Kai, zo nan."

Ya ja shi gefe zuwa gindin turke, inda ba mai jin su. Ya ɗora babban yatsa a kan wata tsaga, sannan ya matsar da shi sama.

"Nan ruwa ya kai a wannan shekarar. Ba nan ba."

"Papa?"

"Matar nan mai taswira ta yi gaskiya. Ni na riƙa saukar da tsagar ƙasa. Yatsa ɗaya, sannan biyu, har abin ya kai huɗu."

Jawabin nan nasa ne ya fara faɗo wa Ovila, shekarar da teku ya yi tsalle, wanda ya yi a rediyo sau uku.

"Ka bar ni ina ta..."

"Ai yana da daɗin ji. Har ni nakan so in yarda."

"To don me?"

"Da fari don kakanka. Kullum sai ya zo ya duba. In ce masa a hannuna teku ya fara cin mu?"

"Kaka ya rasu, ka ƙara shekara goma kana yi."

Tsohon ya kawar da kai wajen ruwa. "Lokacin kai ka fara zuwa dubawa. Ƙannenka duk sun tafi yamma aikin man fetur, kai ma jakarka a ɗaure take, na gan ta ƙarƙashin gado. Da ka ga tsagar gaskiya, da ka bi su."

Ovila ya tuna jakar. Ya tuna ya zo nan wata safiya ya dubi turken, ya ce a ransa gonar za ta kai shi tsufa, ya koma ya kwance kayansa. Ya ji haushi, ya ji tausayi, ya rasa wanda zai fara da shi.

"To fushin me kake yi da ni shekara guda?"

"Wa ya ce maka fushi nake? Kunya nake ji. Sai dai ita ba ta barin mutum ya ci abinci, shi kuwa fushi kana yi kana neman ƙari." Ya miƙa masa sheburin. "Ungo. Kuma ka riƙe shi kamar manomi, mutane na kallo."

Ovila ya hau ganuwa ya yi saran farko. Sannan gari ya bi. Léandre ya fi kowa mita kuma ya fi kowa haƙa, da hula biyu a kai, yana cewa shi dai ya zo ne don kada a ce Bourque ba su fito ba. Mai motar haƙa ya zauna a inuwa aka ba shi friko. Philias da kansa ya zare ƙusoshin ƙyauren abwato, ya sa aka kai masa gida.

Da la'asar teku ya dawo. Ya iso bakin gurbin ya tsaya kamar baƙon da bai tabbata an ce ya shigo ba, sannan ya shigo. Ya bi kwarin gona, ya rufe kututturen ciyawa, ya wuce turken. Ovila ya yi kuka a fili, da shebur a hannu, kuma ko Léandre bai ce komai ba.

A zaɓe na gaba muka kayar da Ovila. Haka muke, ba sai an tambaye mu dalili ba. Léandre ya hau kujera, shi ya yanke ƙyallen bikin sabuwar ganuwa da almakashi. Shekara biyu bayan nan aka yi guguwar da ta kwashe hanyoyi a garuruwan maƙwabta, mu kuwa ko dandamalin makaranta bai jiƙe ba. Léandre ya yi jawabi a kan hangen nesansa. Ovila yana cikin masu tafa masa. Ya rage shanu zuwa goma sha takwas, yana noma wani fili mai duwatsu a kan tudu, ya koma magana da shanu, sai dai yanzu da manyan kalmomi. A Hanci ciyawar gishiri ta kai ƙugu, tsuntsaye sun cika wurin.

Ƙyauren yana rataye a barandar gidan, kusa da kujerar Philias, wanda yanzu ƙafa ba ta kai shi bakin ruwa. In lokacin cikar teku ya yi, tsohon yakan sa sanda ya ɗaga ƙyauren ya sake shi. Gwam! Ba ya duba agogo, ba ya duba takarda, ya ce jikinsa ya san lokaci tun kafin a ƙirƙiro su. Ovila yana da jadawalin cikar teku manne a bangon ɗakin shanu, kuma ya san tsohon ya fara makara, bara da minti goma, bana da kusan rabin sa'a. Duk lokacin da ya ji ƙarar yakan leƙo ta ƙofar ɗakin ya ɗaga murya.

"Daidai, Papa!"